Zanen tatu a kan tabo: waraka ce, ko yayi ne aka nema wa suna mai daɗi?

Ummu Hanan:
Salam jama'a. Tambaya gareni kuma don Allah a amsa da hankali, banda zagi. Kwanan nan sai ƙara cin karo nake da mutane suna cewa wai zanen tatu ya warkar da su, wata tace bayan an cire mata mama saboda sankara ta sa aka zana mata fure a wurin, wani kuma sunan ɗansa da ya rasu ya rubuta a damtse, wai tun daga ranar ya fara samun barci. Ni abin da na kasa ganewa shine ta yaya allura da tawada za su taɓa abin da ke cikin zuciya. Na ga binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2023 kan Amurkawa, kashi 32 cikin ɗari na manyansu suna da tatu, kuma cikin masu shi kashi 69 sun ce don tunawa da wani ko wani abu suka yi. Amma a binciken dai kashi 24 sun ce suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin zanen da ke jikinsu. To abin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke da-na-sani a kai, za a kira shi magani kuwa?

Ɗan Lami:
Hajiya yayi ne kawai wallahi. Mutum in yana son abu sai ya nemo masa dalili mai tausayi yadda ba wanda zai iya ce masa don me. Jiya ado ne, yau kuma an ce waraka, gobe za a ce ibada ce hhh.

Nas Rabi:
Ɗan Lami ka tsaya tukuna, kun haɗa abubuwa da yawa a buhu ɗaya ne shi yasa maganar za ta cuɗe. Akwai ɗigon da ake yi wa mai ciwon daji kafin a fara gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ɗan ƙaramin ɗigo ne na tawada kamar tsinin biro, don kullum in ya kwanta a ƙarƙashin na'ura hasken ya sauka daidai wurin da aka auna, kar a ƙona inda lafiyarsa ƙalau. Wannan ma tatu ne, ba ya gogewa. Akwai kuma na gyara, macen da aka cire wa mama aka sake gina mata shi da tiyata, sai a zana mata kan nonon da da'irarsa da launi da inuwa har ka rantse a tashe yake alhali a shafe yake. Akwai wani mai zane a jihar Maryland ta Amurka, Vinnie Myers, da wannan aikin ya yi suna har likitoci ke tura masa mata. Haka masu ƙuna, ana cusa musu launi mai kama da fatarsu a cikin tabon. Sannan sai na ukun, wanda Ummu Hanan ke magana a kai, fure ko suna ko wata alama. Wanne muke muhawara a kai?

Ummu Hanan:
Na ukun nake nufi Anti, amma gaskiya ban ma san da na farkon ba.

Abu Ammar:
Assalamu alaikum. Kafin a yi nisa, ga Musulmi dai hukuncin a fili yake. Hadisin Ibn Mas'ud yana cikin Bukhari da Muslim, an la'anci mai yin zanen da wadda ta nemi a yi mata, aka haɗa su da masu canza halittar Allah don neman kyau. Ba na son a karanta wannan hira a fita da tunanin cewa abin ya zama halal don an ce yana sanyaya zuciya. Abubuwa da yawa suna sanyaya zuciya na ɗan lokaci kuma an hana su.

Nas Rabi:
To Malam ɗigon gashin fa? Don ni da idona na ga marar lafiya yana ja da baya saboda an ce masa tatu ne.

Abu Ammar:
Wannan larura ce Anti, ba ya cikin abin da nake faɗa, kuma wanda ya ƙi magani saboda shi ya cutar da kansa ne a banza. A ruwayar Ibn Abbas da ke cikin Abu Dawud an ƙara da cewa ba tare da wata cuta ba, wato in cuta ce ta jawo hukuncin ya bambanta. Sannan malamai suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga namiji. Daga nan ake rarrabe tsakanin mayar da abin da ya lalace yadda yake, da ƙaro wani abu don ado. Mayar da launin fata a kan ƙuna, ko mayar wa mace siffar jikinta bayan tiyata, yana da fuska a wannan babin, mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi a kan yanayinsa. Amma fure da tsuntsu da sunan mamaci, ni ban ga ta inda za su shiga ba.

Mamba ba suna:
Na ɓoye sunana don akwai waɗanda suka san ni a nan. Ni ce irin wadda kuke magana a kanta. An cire min mama ɗaya, an yi min gashi, ɗigon da Anti Rabi ta faɗa yana jikina har yanzu. Abin da wanda bai shiga ba ba zai gane ba shine tun daga ranar da aka ce kina da ciwon nan jikinki ya daina zama naki. Wannan ya zo ya ɗaga, wancan ya zo ya zana layi da alƙalamin maka, a ce kwanta, juya, kar ki motsa, a yanke a ɗinke, gashin kanki ya zube, kuma duk don a cece ki ake yi kin sani, kina ma godiya, amma ba wanda ya taɓa tambayarki a ina kike so tabon ya zauna. Na daɗe ina wanka ba na kallon ƙasa, in zan sa kaya sai na juya wa madubi baya. Bayan an sake gina min wurin, a rufe ba wanda zai gane, amma a buɗe wani dunƙule ne kawai da layi a tsakiya, ban san shi ba.

Da aka zo maganar zana kan nonon na yi ta jinkiri saboda irin abin da Malam ya faɗa, na tambaya, aka ba ni amsa irin tasa. Ranar da na je, matar da za ta yi ta ajiye launuka a gabana tana gwadawa da ɗaya ɓangaren, tana tambayata wannan ya yi ko a ƙara duhu, nan ya yi ko a ɗan matsa. Wallahi kuka na fashe da shi tun ba ta taɓa ni da allura ba. Ita ta ɗauka tsoro ne. Ni kuwa tambayar ce, tunda aka fara wannan tafiyar ranar ce aka fara jiran abin da zan ce kafin a taɓa ni.

Ummu Hanan kin ce magani ne ko ba magani ba. Bai cire min tsoro ba, duk sanda ranar komawa gwaji ta matso cikina ɗurar ruwa yake kamar da. Abin da ya yi min shine yanzu ina iya shiga wanka in fito ban tuna ciwon ba. Ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ummu Hanan:
Allah sarki 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya ya sa kaffara ne. Jikina ya yi sanyi.

Ɗan Lami:
Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa Hajiya, ba irinku nake nufi ba.

Abu Ammar:
Amin, Allah ya raba ki da shi har abada.

Sagir Tarihi:
Allah ya ƙara sauƙi Yaya. Don a san abin ba na yau ba ne: a 1991 masu hawan dutse suka tsinci gawar wani mutum da ƙanƙara ta adana a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, ana ce masa Ötzi, ya rayu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. An ƙirga zane 61 a jikinsa, kuma ba hotuna ba ne, 'yan layuka ne da alamar giciye da aka yi da baƙin toka ko gawayi, da yawansu a ƙugu da gwiwa da idon sawu, wuraren da aka gano gaɓoɓinsa sun ci. Shi yasa wasu masana ke ganin don rage ciwo aka yi masa su ba don ado ba. Injin zanen na lantarki kuwa sai 1891 Samuel O'Reilly ya yi masa rajista a New York.

Ɗan Lami:
Wato tsohon ciwon baya gare shi kamar ni kenan. To ya warke?

Nas Rabi:
Hasashe ne dai Sagir, ba wanda ya tambaye shi. Kibiya ma aka samu a kafaɗarsa, ita ta fi ciwon bayan damunsa.

Talatu J.:
Ni Kirista ce, mu ma muna da wannan gardamar, ana kawo Littafin Firistoci 19:28 da ya hana tsaga jiki saboda matattu da yin zane a jiki, wasu su ce dokar tana nan wasu su ce ta wancan zamanin ce, ga kuma Kiristocin Kibɗawa na Masar da suka daɗe suna zana ƙaramin giciye a wuyan hannu. Amma ba wannan ya sa na shigo ba. Maganar 'yar'uwar nan ce ta tsaya min, inda tace tambayar da aka yi mata ce ta sa ta kuka. Ina ganin nan ne gaba ɗaya zancen yake. Ku duba masu safarar mata, wasunsu suna zana sunansu a jikin yarinya don ta san ita kayan wani ce. Wata Ba'amurkiya Jennifer Kempton an yi mata haka, da ta kuɓuta ta sa aka rufe zanen da wani wanda ita ta zaɓa, daga baya ta kafa ƙungiyar Survivor's Ink a Ohio tana taimaka wa irinta su rufe nasu. A Brazil kuma akwai Flavia Carvalho a birnin Curitiba, ta yi suna da zana wa matan da mazajensu suka ji wa rauni, kyauta, a kan tabon wuƙa ko harsashi. Allura ɗaya ce, tawada ɗaya ce, da ita aka wulaƙanta mace da ita kuma ta ɗago kai.

Kuma abin da zai nuna muku ba tawadar ce maganin ba, a Los Angeles akwai ƙungiyar Homeboy Industries ta Fada Greg Boyle, cikin ayyukansu akwai goge zane kyauta ga tsofaffin 'yan daba da suka fito daga kurkuku, mutum da alamar ƙungiya a fuska ko a wuya ba mai ɗaukarsa aiki kuma abokan gaba na iya gane shi a hanya. Shi wannan warakarsa a gogewa take. To wani ya samu sauƙi da sakawa, wani da cirewa, me ya haɗa su in ba cewa wannan karon su suka yanke shawara ba?

Sagir Tarihi:
Haka ne Anti. Ko lambar da 'yan Nazi suka riƙa zana wa fursunoni a hannu a sansanin Auschwitz lokacin yaƙin duniya na biyu, akwai jikokin waɗanda suka tsira da suka zana lambar kakanninsu a nasu hannun da ganin damarsu, kuma ko cikin Yahudawan ba kowa ne ya ji daɗin hakan ba.

Baban Sadik:
Na karanta duka, kuma ina girmama 'yar'uwar da ta ba da labarinta, nata gyara ne, daban. Amma Madam Talatu tunda kin kawo Jennifer Kempton sai a ƙarasa labarin, ta rasu a 2017 sanadiyyar ƙwaya da ta yi mata yawa. Haka Amy Bleuel, wadda ta fara Project Semicolon a 2013, wannan alamar waƙafi mai ruwa da mutane ke zanawa a wuyan hannu, ma'anarta marubuci ya isa ya sa aya ya rufe jimla amma ya zaɓi ya ci gaba. Dubban mutane masu fama da ciwon damuwa sun zana ta. Ita kanta Amy a 2017 ta rasu, kuma ciwon da take yaƙa ne ya ci ƙarfinta. Ba gori nake musu ba, sun taimaki mutane da yawa. Abin da nake tsoro shine a riƙa nuna wa yara bidiyon mutum yana kuka a kujerar mai zane, a sa kiɗa mai taushi, a ce ya warke, ba wanda ke komawa bayan shekara ya ga yadda yake.

Ni na binne ɗa. Na san wannan halin da mutum ke ji kamar in bai yi wani abu da jikinsa ba zai fashe. Amma baƙin ciki yana canza kama, abin da kake so ka riƙa gani kullum a watannin farko ba lallai ka iya jure ganinsa kullum ba daga baya, akwai ranakun da kake buƙatar ka ɗan manta don ka iya yi wa sauran yaran dariya. Hoto kana iya sa shi a durowa ka ɗauko ranar da ka shirya. Abin da ke damtsenka fa?

Talatu J.:
Allah ya jiƙansa Baba, ya ba ku haƙuri. Ban musa ba, kuma ban ce sun warke ƙarshen warkewa ba. Amma rasuwar Jennifer ba ta mayar da sunan wancan azzalumin jikin matan da ta taimaka ba. Kuma akwai iyayen da abin da ke cinsu shine kowa ya daina ambaton yaron, kamar ba a taɓa yinsa ba, su zanen ne ke sa a tambaye su wanene wannan, su samu su faɗi sunansa. Mutane ba iri ɗaya ba ne a makoki.

Baban Sadik:
Wannan gaskiya ne, shirun mutane yana da ciwo. Ni dai shawarata kar mutum ya yanke irin wannan hukuncin yana tsakiyar zafin.

Zee:
ni fa inada shi guda biyu kuma bazan ɓoye ba zafin ne ma yafi min daɗi, lokacin da allurar ke shiga kaina yana yin shiru gaba ɗaya, duk tunanin dake damuna sai ya tsaya, na fito inajin kamar an sauke min kaya. har ina tunanin ƙara na uku don kwana biyun nan abubuwa sun sake taruwa min

Nas Rabi:
Zee ƙanwata zo nan. Abin da kika ji gaskiya ne, ba ƙarya kike ba, in jiki ya ji zafi yana sakin sinadaran da ke dusashe zafin su kuma ɗan ɗaga mutum, ga hankali ya tattara wuri ɗaya dole. Amma awanni ne ko kwana kaɗan su sauka, abin da ya taru yana nan inda kika bar shi. Jimlarki ta ƙarshe ce ta dame ni. Wanda ya zauna ya yi tunanin alama, ya zaɓa, ya jira, daban yake da wanda zafin yake nema duk sanda abubuwa suka taru, wannan na biyun ya fi kusa da masu yankar jikinsu don su samu sauƙi, sai dai shi nasa yana fitowa da kyau shi yasa ba mai lura. Don Allah kafin na ukun ki samu likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara ki faɗa masa daidai yadda kika faɗa mana. Ba hauka ba ne zuwa wurinsu. Ki min magana ta inbos in kina so.

Zee:
toh anti zan miki magana. ban taɓa kallonsa ta haka ba gsky

Abu Ammar:
Zee Allah ya yaye miki. Ba wanda zai zage ki a nan, ki bi shawarar Anti.

Maman Twins:
Anti Rabi tambaya, ni tabon tiyatar haihuwa ne da ni kuma ya yi tudu ya yi baƙi yana ƙaiƙayi, har ya fi layin da aka yanka faɗi. Irin wannan ana iya rufe shi da launin fata?

Nas Rabi:
Maman Twins yadda kika kwatanta, musamman da kika ce ya wuce iyakar yankan, ya yi kama da kiloid, tabon da ke ci gaba da tsiro, kuma ya fi yawa ga masu duhun fata. In shi ne, ki nisanci allura, don kowane huji sabon rauni ne, jikin da ya yi kiloid sau ɗaya yana iya sake yi, a je rufe ƙarami a dawo da babba. Likitan fata za ki gani, akwai allurar da ake yi a cikin tabon ta kwantar da shi, akwai abin mannawa na silikon.

Ko tabon da ba kiloid ba, ba a taɓa shi yana sabo. Sai ya nuna, ya kwanta, launinsa ya daina canzawa, yawanci shekara ɗaya ko fiye, wurin da aka gasa kuma sai likitan da ke duba mutum ya amince don fatar wurin ta yi rauni. Sannan tabo ba ya riƙe tawada kamar lafiyayyar fata, wani wurin ya sha wani wurin ya ƙi, layi yana iya bajewa, sau da yawa sai an koma an ƙara. Wani tabon ba ka jin komai a kansa, wani kuma ya fi ko'ina zafi.

Tunda an zo nan bari in faɗi yadda abin yake zama a jiki, don wasu sun ɗauka fenti ne a sama. Allurar tana shiga kamar milimita 1 zuwa 2, ta wuce fatar sama da ke saɓulewa ta ajiye tawadar a ta ƙasa. Jiki yana ɗaukarta a matsayin baƙuwa, sai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su haɗiye ta, su kasa narkar da ita, su zauna da ita a wurin. Wani bincike da aka yi a Faransa a 2018 kan ɓeraye ya nuna in waɗannan ƙwayoyin suka mutu sai sababbi su zo su sake haɗiye tawadar, shi yasa zanen ke zama. Wani kason kuma yana tafiya ya taru a kaluluwa, likitocin tiyata suna samun kaluluwa mai launi a jikin masu tatu. Jar tawada ita ta fi jawo borin jini, wani sai bayan shekaru wurin ya fara kumbura. Tarayyar Turai ta taƙaita dubban sinadarai a tawadar zane daga Janairun 2022. A 2024 kuma masu bincike a Jami'ar Lund ta Suwidin sun ga masu tatu sun fi waɗanda ba su da shi haɗarin kamuwa da sankarar kaluluwa da kusan kashi 21 cikin ɗari, sai dai alaƙa suka gani, ba su tabbatar cewa zanen ne ya jawo ba. Allurar da ba sabuwa ba kuwa ba sai na faɗa ba, ciwon hanta nau'in B da C da HIV duk ta nan suna iya shiga.

Ɗan Lami:
Kai Anti, wato sojojin jikin mutum har ya mutu suna gadin fure kenan. Ni na ce muku a bar abin nan.

Maman Twins:
Na gode Anti, dama gyaran launi kawai nake tunani ba hoto ba. Zan nemi likitan fatar.

Ummu Hanan:
To masu nadamar nan kashi 24 fa, ba ana gogewa da leza ba?

Nas Rabi:
Ana yi, amma ba kamar goge allo ba ne. Lezar tana farfasa tawadar ta zama ƙanana yadda jiki zai iya kwashewa a hankali, shi yasa sai an yi ta komawa ana barin makonni tsakani, abin yana iya cin shekara ko fiye, kuma da yawa sun ce ya fi zanen zafi. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya suna da taurin kai. Ga mai duhun fata akwai ƙarin matsala don lezar tana iya kama launin fatar kanta ta bar wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu, shi yasa ake zaɓar nau'in lezar da ake kira Nd:YAG 1064, ita ta fi sauƙin illa a kan baƙar fata. Kuma tawada mai launin fata ko fara, irin ta gyaran tabo, wani lokacin leza na taɓa ta sai ta koma baƙa. Wannan ya kamata mai son gyaran launi ya sani tun kafin ya fara.

Mamba ba suna:
Wannan na ƙarshen an faɗa min kafin a yi min, har takarda na sa wa hannu. Kuma nawa ya ɗan kwashe, an ce dama sai an riƙa sabuntawa. Baban Sadik maganarka ta jira gaskiya ce, da a watannin farko aka ba ni zaɓi ban san me zan zaɓa ba, lokacin ko launin kaya ba na iya zaɓa.

Ummu Hanan:
Ni dai inda na tsaya yanzu, kalmar magani ce ba zan yi amfani da ita ba, don abin da ya taimaki 'yar'uwarmu da matan da Madam Talatu ta faɗa ina ganin ikon da aka dawo musu da shi ne a kan jikinsu, kuma Homeboy ɗin nan sun nuna ana samunsa ta hanyar gogewa ma. Na gyara na fahimce shi sosai. Na fure da suna har yanzu ina tare da Malam.

Talatu J.:
Ni kuma ba zan iya kallon macen da mijinta ya bar wa tabon wuƙa a ciki in ce mata launin fata kawai aka yarda ta sa ba. Wani tabon ma ba ya ɓoyuwa da launin fata, sai dai a rufe shi da hoto. A nan dai mun rabu.

Bashir K.:
Malam Abu Ammar afuwan na shigo a makare. Wanda ya riga ya yi tun yana yaro kafin ya san hukunci, ko ya musulunta da shi a jikinsa, alwalarsa da wankansa fa? Wani ya ce min sai ya goge.

Abu Ammar:
Malam Bashir akwai saɓani a littattafan fiƙihu, wasu magabata sun ce a cire in ba zai cutar ba. Amma da yawa daga malaman yanzu suna cewa tunda tawadar a ƙarƙashin fata take, kamar yadda Anti ta yi bayani, ba ta hana ruwa taɓa fatar, alwala da wanka sun inganta, ya tuba kawai, kuma ba a tilasta masa cirewar da za ta cutar da shi ko ta fi ƙarfinsa. Wanda ya musulunta da shi kuwa Musulunci yana shafe abin da ya gabata.

Bashir K.:
To in zanen hoton mai rai ne ko rubutun da bai dace ba fa, zai iya limanci?

Admin:
Malam Bashir wannan wata muhawarar ce daban, ka buɗe mata nata fostin ɗin don kar ta binne tambayoyin lafiya da ke nan. Masu turo hotunan tabonsu a komen don Allah ku daina, grup ɗin a buɗe yake kowa na gani, kuma Anti Rabi ta ce ba ta iya gane kiloid ta hoto, sai an gani an taɓa.